Kambun Musaddiq

Litinin, 3 ga Fabrairu
Autana Musaddiq ya ce zai shiga gasar dambe a Argungu. Ɗan da na kai har poli! Na faɗa masa ba da yawuna zai naɗe hannu ya je dukan 'ya'yan mutane ba. Ya sunkuyar da kai, wai ya riga ya ba da suna.

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Ya cire kambun nan zai yi wanka, wanda kakarsa Inna Laure ta ɗaura masa a damtse tun yana goye. Shekara ashirin da huɗu ina kallon wannan shirka. Na ɗauke na jefa cikin gwangwanin allurata. Ya birkita ɗaki yana nema. Na ce ya nemi Allah.

Asabar, 8 ga Fabrairu
Na bi shi Argungu don in janyo shi gida, ba kallo ya kai ni ba.
A turmi na biyu wani Kalilu ya kai masa naushi a kunne. Musaddiq ya durƙusa. Sai bayansa ya fara tsagewa, fata ta yi ɓawo-ɓawo, baki ya miƙe, igiyar damben da ya naɗe a hannu ta tsinke. Ya rikiɗe ya zama kada. Kada sosai, sanye da wandon da na ɗinka.
Makaɗa suka watsar da kalangu. Kalilu ya haye motar alƙalai. Marasa tarbiyya kuwa suka ɗaga waya suna ɗauka! Wani ya zaro adda, na kwaɗa masa jakata. Na kira Musaddiq da muryar da nake tashinsa sallar asuba, ya kwantar da kai bisa takalmina. A bayan motar albasa muka dawo unguwarmu Badariya.

Lahadi, 9 ga Fabrairu
Yana bayan gida cikin kwatami. Maƙwabta sai sallama, wai jaje. Gulma dai.

Laraba, 12 ga Fabrairu
Inna Laure ta zo daga bakin gulbi. Ko tabarma ba ta hau ba.
"Ina kambun? Mi kinka yi da shi?"
Na ce ni ban yarda da tsafi ba. Ta ce ai ba don cin dambe ta ɗaura ba. Kowane namiji na gidansu na masunta da abin ake haihuwarsa, kambun ke kwantar da shi, har marigayi mijina. In ya kwana bakwai a haka, shi ke nan, sai gulbi.
Shekara talatin ina gidan nan ba wanda ya gaya mini. Kuma wai ni ce mai laifi.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Ya ƙi tuwo. Kifi kawai. Yau na kira shi sau uku kafin ya waiwayo.

Juma'a, 14 ga Fabrairu
Har yanzu ina nan kan bakana, dambe aikin banza ne. Igiyar kambun ta tsufa, na sa sabuwa, ninki biyu, don ba na son aikin ƙazanta. Na ɗaura da kaina ina istigfari.
Da la'asar ya ce, "Mama, akwai sauran tuwo?"
Na ce ya fara wanke hannu.