Rufin banɗakina na yoyo, wakilin gida ya ce laifina ne

Assalamu alaikum 'yan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni bazawara ce, shekara huɗu da rasuwar maigidana, ina zaune da 'yata a wani gidan wakafi a Ƙurban, nan Madina, irin wanda ake ba marasa ƙarfi a kan haya kaɗan. Nazirin wakafin, wato mai kula da shi, dattijo ne, ya koma wajen 'ya'yansa a Yanbu, komai sai ta hannun wakilinsa.

Tun Rajab rufin banɗakinmu ke ɗiga. Na gaya wa wakili, ya zo da mai gyaran famfonsa, mutumin ko sama bai hau ba ya ce bututun bangona ne ya fashe, riyal dubu ɗaya da ɗari takwas, kuma wai a ƙa'ida ɓarnar cikin ɗaki ta mai haya ce. Na ce ruwa daga sama yake saukowa, wakili ya ce in daina musu da masu sana'a. A saman kuwa ƙanwar matarsa ce ke zaune.

Mijin maƙwabciyata, wani ɗan Chadi, shi ma gyaran famfo yake yi. Ya duba ya ce bututuna lafiyarsa ƙalau, amma ya roƙe ni kar in ambaci sunansa, iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ba ta wannan sana'ar ba ce.

Shekaranjiya wakili ya kawo takarda. "Hajja, sa hannu kawai, tsari ne." Da ya tafi 'yata ta karanta mini, ashe amsa laifi ce, kuma in ban biya ba kafin ƙarshen Sha'aban in tashi. Bara ma haka aka yi wa wata tsohuwa a ƙasa, tana fita aka yi fenti, da azumi muka ga baƙin Umra a ɗakin.

Wallahi ina tsoron zato, wakilin nan da shi aka ɗauki gawar mijina. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. In na kai ƙara Yanbu ba ni da shaida sai wanda zan jefa a masifa, in na biya na amsa abin da ban yi ba.

Jibi zai dawo karɓar takardar. Ku da ku ne, me za ku ce masa?