Ƙusar da Baba Ya Kafa a Bango

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara kafin Juma'a. Ranar ake rufe rajistar zangon karatu, ni kuwa zuciyata tafasa take yi, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ina karanta ilimin tattalin arziki a jami'a, saura mini shekara guda. Ɗinki kuwa tun ina ƙarama na koya a wurin mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Bara na fara ɗinka rigunan yaye ɗalibai, masu faɗin hannun nan da hula mai tuntu, ina bayarwa haya. Yanzu wata makaranta ta ba ni aikin riguna ɗari biyu, kuma ranar miƙawa ta faɗo a tsakiyar jarrabawa. Ga shago na samu a bakin titi. Na ce zan ajiye karatu in kama sana'ata. Shi ke nan fa, sai ka ce na yi kisan kai!

Yayana, wanda digirinsa ya shekara biyar a ƙarƙashin katifa, wai shi ne mai yi mini wa'azin ilimi. Mutumin da ko katin waya ni nake sa masa! Har igiyar keken ɗinkina ya cire ya ɓoye. Wannan wane irin rainin hankali ne?

Amma na Baba ya fi ci mini rai. Shekara talatin ya yi yana masinja a wani ofis, yana ɗaukar wa sa'o'in 'ya'yansa fayil. A falonmu akwai ƙusa uku a jere. Biyu suna ɗauke da hotunan yayyena cikin rigar yaye. Ta ukun babu komai, ya kafa ta ne ranar da na samu gurbin karatu. Ko kalanda ba ya bari a rataya a kanta, kuma duk baƙon da ya shigo sai an gaya masa cewa ta auta ce.

Da surutu ya ishe ni, na ce in dai hoto ake so, ai mai sauƙi ne. Na zaɓi rigar da ta fi kyau cikin ɗinkina, na kafa hula, na naɗe farar takarda na riƙe, aka ɗauke ni, aka sa a firam, na rataye masa. Da ya dawo ya daɗe a tsaye yana kallo. Sai ya sauke, ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya ajiye a kan kekena, ya shige ɗaki. Kwana tara ke nan, ban da amsa gaisuwa ba ya ce mini uffan. Ƙusar tana nan ta zuba mini ido, gida kuma kowa ni yake ba laifi.

Anti, rigar da suke mutuwar son su gan ni ciki, ni nake ɗinka ta! Sai in watsar da abin da ke hannuna don takardar da ba ta fisshe Yaya ba?

Mai Keken Ɗinki

*

'Yata Mai Keke,

Bari in fara ba ki gaskiyarki. Sana'ar hannu ba abin kunya ba ce, kuma yayanki bai kyauta ba. Ya fito da igiyar nan yau, ya nemi abin yi.

Amma hoton nan, haba 'yata! Ni da nake karantawa ma sai da raina ya sosu. Mutumin da ya shekara talatin yana tsaye a bakin ƙofar masu takarda, kina zaton firam ne ya rasa? Fatansa kada wani ya taɓa aiken 'yarsa kamar yadda aka aike shi. Kin ɗauki wannan fata kin yi masa wasan kwaikwayo da shi. Da wani uban ne, da firam ɗin ya tarwatse. Naki goge shi ya yi.

Sannan ki dubi kasuwarki da idon abin da kike karantawa. Rigar yaye sau ɗaya ake nemanta a shekara. Aiki guda, komai girmansa, bai isa a jingina masa rayuwa ba, kuma sauri ya haifi nawa.

Ki yi rajista kafin Juma'a. Ki nemi teloli biyu ko uku masu amana, ke ki yanka, su su ɗinka, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki roƙi makarantar ta karɓi kayan kashi biyu. Idan abin ya faskara, ki je sashenku ki nemi ɗage zango a rubuce, kada ki sulale kawai. Shekara guda kamar gobe ce.

Hoton kuwa ki kai shi shago, can ne gidansa, talla ce mai kyau. Kafin nan ki durƙusa gaban mahaifinki ki ba shi haƙuri, ba tare da "amma" ba. Ke da kanki kika ce hoton ya sauke, bai zare ƙusar ba. Ki je tun bai aika a aro masa filaya ba.

Allah Ya yi wa karatunki da kekenki albarka, Ya nuna wa Baba ranar da za ki sa rigar da kika ɗinka da gaskiyarta.

Antinki