Sanda Ɗaya, Makafi Tara

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar taimakon makafi da tsofaffi ta yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali, ni ne Malam Haruna, ladanin masallacin unguwarmu a Sandamu. Shekara goma sha ɗaya ke nan da hawan jinin ido ya rufe mini gani. 'Yata Hadiza ce ke rubutawa, amma maganar tawa ce, kuma na hana ta sassauta ko kalma ɗaya.

Na farko. Ban manta alherin ƙungiyar nan ba. Zamanin marigayi shugaban da ka gada, duk Alhamis sai mutum biyu sun zo zaurena mun sha hira, kuma bayan rasuwar matata hirar nan ce ta riƙe ni. Shi ya sa da aka ce mu zo Daura ranar Larabar bayan ƙaramar Sallah za a raba mana farar sanda mai naɗewa, na sa rigata ta Juma'a na shiga motarku da farin ciki.

Na biyu. A ƙofar ɗakin taro wani jami'inka ya zare sandata daga hannuna, ya ce, "Baba kawo wannan, za ta ɓata hoto." Sandar nan wani abokina makiyayi ya yanko mini a garin Dutsi shekarar da na makance. Da ita na san bakin kowace kwata tsakanin gidana da masallaci.

Na uku. Mu tara aka jera. A kira mutum, a miƙa masa farar sanda, ka gaisa da shi, a ɗauki hoto, sai a karɓe wai za a rubuta suna a jiki a aiko. A mota muna komawa na ce farar da aka miƙa mini mariƙinta a tsage yake, an naɗe shi da salatif. Malam Idi na garin Babban Mutum ya ce tasa ma haka. Iya Rabi ta ce, "To ai ni ma ita na riƙe." Sanda ɗaya kuka zagaya da ita a hannun mutum tara, Alhaji. Kun ɗauka wanda ba ya gani ba ya ganewa, kun manta da tafin hannu muke sanin abu.

Na huɗu. Farar ba ta zo ba, tawa ba ta dawo ba. Sau uku Hadiza ta je ofishinku, sakatarenka ya yi dariya ya ce ai itace ne, a yanko mini wani. An yanko, ta yi mini gajarta, kwana na uku na faɗa kwata a hanyar La'asar na gurɗe ƙafa. Mako shida ke nan ina kwance ina jin muryar wani tana kiran salla a inda nake tsayawa. Dattawan masallaci sun ce in ban koma ba kafin babbar Sallah za su bar masa ladancin. Wannan kiran shi kaɗai ya rage yake fitar da ni cikin mutane. Daga ƙungiyarku ko sannu babu wanda ya zo ya ce mini.

Ban yafe ba, kuma ba zan ɓoye ba: so nake ka ji kunya irin wadda na ji ana ciro ni daga kwata a gaban jama'ata.

Ga buƙatuna. A nemo sandata a kawo mini. A ba mutum tara sanduna tara. Kai da kanka ka zo zaurena ka ba ni haƙuri a gaban maƙwabta, ba a waya ba.

In ba haka ba, na ji kuna shirya taron neman gudummawa a Daura, inda za ku nuna wa attajirai hotunanmu. Mu taran nan mun riga mun yi shawara. Za mu shigo a jere, kowa dafe da kafaɗar na gabansa, babu sanda ko ɗaya, ni a gaba ina ɗingishi. Kada ka wahalar da kanka wajen kashe lasifika, muryata ba ta buƙatarta.

Allah ya shirye ka, ya ba ka tsawon rai, ya kuma ƙara maka lafiyar ido, don ina so ka gan mu sosai ranar da za mu shigo.

Wassalam.

Malam Haruna Ladan,
Sandamu.