Naman Gida Bakwai a Firjin Motata

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Sani mai gyaran wayar mota,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, na zo kawo ƙarar kaina ne.

Baba, ka tuna motar nan da nake ba ka labari, mai gado da firji da banɗaki, kana cewa to me aka bar wa gida? Na sayi tsohuwa. Batirinta biyu ne, ɗaya na tada inji, ɗaya na firji da fanka. A tsakaninsu akwai wani ɗan akwati da ke hana firji shan batirin inji, shi ne ya lalace. Na sayo sabo, na cusa ƙarƙashin kujera, wata biyu ina cewa gobe.

Ranar Babbar Sallah muka je yanka a wata gona a jihar Maryland, nan Amurka. Gida bakwai na mutanenmu, daga garin Landover har Wheaton, suka loda namansu a firjina. Da aka gama fiɗa na murɗa makulli, mota ta yi ƙyat-ƙyat ta yi shiru. Firji da fanka sun shanye batiri biyun tas, ga rana kamar ta Kano gab da damina.

Kowa ya zuba mini ido, don Injiniya ake ce mini. Baba, ni fa injiniyan kwamfuta ne, amma wa zai saurari wannan bayani ragonsa na shirin wari? Ga shi na sha cika musu baki cewa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano babu mai gyaran waya kamar ubana.

Na naɗe riga na durƙusa. Kullum kana faɗa wa masu koyon aiki, "Baƙar waya ake fara cirewa." Ban tuna ba sai da sifana ta yi tartsatsi ta ƙona mini hannun shadda. Likitoci biyu daga cikin masu naman ne tsaye a kaina, ɗaya na karanto umarni a wayarsa, ɗaya na salati. Na yage ƙonannen hannun rigar, na ɗaure wa kowace waya alamarta yadda kake yi, na ɗaura sabon akwatin. Mai gonar ya ba mu wuta daga batirin taraktarsa, mota ta tashi. Nama ya isa lafiya, ban da hantar Hajiya Ladi ta Wheaton, wadda har yau gaisuwata da ƙyar take amsawa.

Ina yaro ka hana ni taɓa sifana, ka ce hannuna na biro ne. Ran nan da na kama sitiyari na ga baƙin mai a farcena, wallahi hannunka na gani sak. Kewarka ta kama ni, Baba, har sai da na ce wa jikokinka hayaƙin babbaka ne ya shiga idona.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya kai maka ladan kason naman da na bayar da sunanka.

Ɗanka,
Habibu