Waƙar da Aka Tsayar a Coci

Soundview, Oktoba

Zuwa ga ɗana Kofi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Tun da ka toshe lambata a waya, kamar ni na kashe maka zomo, sai na koma takarda irin ta mutanen da. Na aiko ta shagon Amadou a Tompkinsville, don an ce can kake aiki yanzu. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, rabona da biro tun Kumasi.

An sallami babanka daga asibiti. Ɓarin damansa ya shanye, hannu da ƙafa. Kamfanin da nake wa aikin kula da tsofaffi ya yarda a mayar da ni gidansa, to ni ke juya shi, ni ke ba shi koko da cokali. Wasu a masallacinmu suna gunaguni, wai me ya kai ni jinyar Kirista. Na ce musu yayata Najat ta bi mijinta coci, ni na tsaya a masallaci, amma ciki ɗaya muka fito. Da tana raye ba za ta bar babanka Kwasi a hannun baƙo ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na san abin da ya kore ka daga asibiti. Ka shiga, ka durƙusa, ka ce Baba, ya dube ka ya ce maka shege. Ko ni ce zan tashi in fita. Amma ba ka tsaya ka ji ƙarshen zancen ba. Kalmar nan ita kaɗai ta rage a bakinsa. In ruwa yake so, shege. In ƙafarsa na ciwo, shege. Fasto ya zo da matan zumunta su yi masa addu'a, ya miƙa wa faston hannu da ladabi ya ce shege, sai da wata ta saki jakarta. Ni kuwa ina shan tawa safe da yamma kamar magani.

Likita ta ce ciwon ne haka, yakan kwashe magana ya bar zagi. Mutumin da ko akuya bai taɓa zagi ba. Duk lokacin da ta kuɓuce masa sai ya runtse ido, hawaye ya gangara har cikin kunnensa, ni ce mai sharewa.

Ka zo ka ga ubanka, Kofi. Jirgin ruwa da jirgin ƙasa kawai ke tsakaninka da shi, ba Ghana aka ce ka je ba.

Ka huta lafiya.
Innarka, Nimatu

Tompkinsville, Oktoba

Zuwa ga Inna Nimatu,

Bayan gaisuwa da ban girma, na sami takardarki. Allah ya saka miki da alheri kan abin da kike yi wa Baba. Mama ba ta yi asarar ƙanwa ba.

Amma Inna, kina rufa masa asiri ne. Ba ki cikin cocin ranar addu'ar tunawa da Mama, to bari in gaya miki yadda aka yi.

Shekara talatin Baba na jagorancin mawaƙan cocinmu. Duk wanda ya yi waƙa a ƙarƙashinsa ya san hannunsa. In ya ɗaga yatsu biyu ya nuna ka, nufinsa shigo, layinka ne. In ya dunƙule hannu, kowa ya yi tsit. Tun ina ɗan shekara bakwai nake bin yatsun nan.

Ranar ya ba ni izinin rera waƙar da na yi wa Mama. Da Hausa na yi ta, harshen da take yi mini faɗa da shi. Na fara:

Yesu, ka ga tukunyar ta huce,
Ka ga zanenta a kan ƙusa.
Mutuwa, shegiya, kin shigo ba sallama.

A nan ya dunƙule hannu. Mai ganga ya tsaya, mai jita ya tsaya. Ya tako da kansa ya zare wayar makirfo a gaban jama'a, ya ce bakin da ke zagi ba ya yabo. Ya ce in fita in wanke bakina kafin in sake tsayawa a gaban Ubangiji. Na fita, shekara uku ke nan.

Ba Allah na zaga ba, Inna, ba kuma mutum ba. Mutuwa na zaga, wadda ta ɗauke matar da ke tashi da asuba ta dafa shinkafa da wake ta sayar wa direbobin tasi don in yi makaranta. Da wane suna zan kira ta, ranki ya daɗe? Waƙoƙin da ake yi a coci yanzu zuma ce a kan zuma. Layi huɗu, a maimaita har mai kiɗa ya gaji: Yesu mai daɗi, na yi nasara, gobe ta fi yau. Na Baba ma haka suke. Ba ɗaya a cikinsu da ta taɓa tsayawa a bakin kabari. Ni na ce in Yesu ya san zafin ƙusa, ba zai firgita da kalma ɗaya daga bakin maraya ba. Na ɗauki waƙar a situdiyo na sa a intanet. Wasu sun ce na lalace, wasu marayu sun rubuto suna kuka. Baba bai ce komai ba.

Sai na ji ya faɗi, na ruga asibiti. Cikin duk kalmomin duniya, wadda ya zaɓa mini ita ce wadda ya kore ni a kanta. Kin fi ni sanin abin da ake nufi in uba ya kira ɗansa da wannan suna. Kika ce ciwo ne. Ni idonsa na gani, a kaina yake.

Ba zan iya sake ji ba. Ki gaishe shi in ana gaishe shi.

Ɗanki, Kofi

Soundview, Nuwamba

Ɗana Kofi,

Ina gaishe ka, kai mai taurin kan gado. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, da ku biyun nan Najat ta sha fama.

Kafin komai, ka daina raina waƙar babanka. Ni ba 'yar coci ba ce, amma na san matan da ke rera ta. Tare muke wankin kashin tsofaffin mutane duk mako, ƙafa a kumbure. Ranar Lahadi su ɗaura kallabi su je su ce gobe ta fi yau. Ka ɗauka ba su san kabari ba? Sun san shi sarai, shi ya sa suke neman zumar. Taka waƙar kuma ban ce ba ta da kyau ba. Mai ciwo ba a hana shi nishi.

To saurara. Akwai wata likitar magana da ke zuwa gida, doguwa, mai yawan dariya. Ta ce wai inda waƙa take zama a cikin kai daban, inda magana take daban. Na ce a raina wannan kuma sabon salo. Ta tambaye ni wace waƙa ya fi so, na kunna mata ɗaya daga na cocinku. Kofi, babanka ya buɗe baki ya bi ta tiryan-tiryan, kalma bayan kalma, muryar nan tasa mai kauri. Na zauna a bakin gado ina saurare. Ana gamawa ta ce masa madalla, ya ce mata shege.

Tun ranar yake rerawa. Shekaranjiya ina yanka albasa a kicin na ji ya kama wata da Hausa, wadda ban taɓa ji a bakinsa ba. Na ji tukunya, na ji zane a kan ƙusa. Na ajiye wuƙa. Taka ce. Kuma bai tsaya inda ka rubuto mini ba. Ya wuce har baitin da ka ce direbobi suna tambaya ina mai shinkafa, har na ƙarshe da kake roƙon Yesu ya ajiye mata kujera kusa da murhu don ba ta son sanyin garin nan. Kai da kanka ka ce a baitin farko ya tsayar da kai. To ka gaya mini, a ina ya ji na biyu da na uku har ya haddace?

Na san tambayar da ke bakinka yanzu: in ya iso wurin kalmar nan, me yake yi? Ba zan gaya maka ba. Ka zo ka gani da idonka.

Innarka, Nimatu

Tompkinsville, Nuwamba

Inna,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarki a bayan kanta, sai da Amadou ya tambaye ni ko wani ya rasu.

Ranar Lahadi na yi wanka na tafi tashar St. George na hau jirgin ruwa. Na sauka Manhattan, na gangara tashar jirgin ƙasa, jirgi ya zo ya buɗe ƙofa. Na tsaya ina kallonsa har ya rufe. Na biyu ma haka. Sai na juya na koma jirgin da ya kawo ni. Tsoro nake ji, Inna, ba zan ɓoye miki ba. In na shiga ya dube ni ya sake faɗa, ko ciwo ne ko ba ciwo ba, a kunnena ɗaya ne.

Na buɗe lambarki. Ki ɗauke shi a waya yana rerawa ki turo mini. In na gani zan sami ƙarfin zuwa.

Ɗanki, Kofi

Soundview, Disamba

Kofi,

Ina gaishe ka. Ka buɗe lamba amma ba ka ɗauka, to amfanin me?

Na gwada abin da ka ce. Ina ɗaga waya ya yi shiru, ya ja bargo da hannun hagu ya rufe fuska. Mutumin da ya saba tsayawa a gaban jama'a da kwat, ba ya so a gan shi da miyau a haɓa. Ba zan ɗauke shi a ɓoye ba, ba abin kallo ba ne.

Ya rame ƙwarai. Kokon ma sai da lallashi. Na yi jinyar tsofaffi da yawa a garin nan, na san yadda ido yake komawa in tafiya ta matso. Kada ka ce sai Kirsimeti.

Innarka, Nimatu

Tompkinsville, Janairu

Zuwa ga Inna Nimatu,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki gaisuwar rashi. Ya haƙuri? Ke kika wanke, ke kika ciyar, ke kika rufe masa ido. Ni ɗansa na iso an riga an ja masa mayafi.

Kin ce kada in ce sai Kirsimeti, kuma Kirsimetin na ce. Har na sayi riga mai ɗumi zan kai masa. Tana nan a leda. Duk kiranki na ƙi ɗauka sai ɗaya, na ranar da ya rasu, shi ma don ya zo a lokacin da ba kya kira.

Kin gan ni a coci ranar jana'iza, can baya kusa da ƙofa. Fasto ya aiko a tambaye ni ko zan rera wani abu, in dai mai tsabta ne. Na ce a'a. Sai mawaƙan suka kama waƙar Baba, wadda na fi rainawa, gobe ta fi yau. Ba mai jagora a gabansu, kowa na kallon wurin da ya saba tsayawa. Matan nan da kika faɗa suna rerawa suna kuka. Ban san lokacin da na kama bin su ba. Layi huɗun nan ne dai, amma ban iya kai ƙarshensu ba.

Ban iya tambayarki a cikin mutane ba. Kalmar ƙarshe da ubana ya faɗa mini a duniya kin san ta. Bai sa mini albarka ba, kuma ba zai sa ba. Abu ɗaya ya rage, yana hannunki. In ya iso wurin kalmar nan a waƙata, yana faɗa ko yana tsallakewa? In yana faɗa, ya karɓi waƙar, ya karɓe ni. In yana tsallakewa, to da fushina ya tafi, sai in san yadda zan zauna da hakan.

Don Allah kada ki yi mini ƙarya saboda tausayi.

Ɗanki, Kofi

Soundview, Janairu

Ɗana,

Haƙuri sai ma'aiki. Allah ya ba mu dangana.

Ba ya faɗa, ba ya kuma tsallakewa. In ya ce "Mutuwa" sai ya tsaya. Ya ɗaga hannun hagu, ya miƙe yatsu biyu, ya nuna ƙofar ɗaki, ya jira. In ya gaji da jira sai ya sauke ya ci gaba. Kullum haka, bai taɓa fashi ba.

Ranar ƙarshe da ya rera bai ci gaba ba. Hannun ya ƙi sauka, sai da na kama na sauke masa da kaina.

Na ɗauka in na ɓoye maka za ka yi saurin zuwa. Da na sani da na faɗa maka tun Nuwamba. Ka yafe mini.

Makullin gidan yana wurina.

Innarka, Nimatu