Ƙarfen Tukunyar Mama

Gwaggo Rabi,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Hajiya, ya su Ummi? Mu nan Bronx ta Amurka lafiya, sai kunyar da ta hana ni fita.

A makaranta aka haɗa ni aiki da wani yaro, Kamal. Lissafi ne: idan bawul ɗin da ke tare tururi a tashar nukiliya ya ƙi rufuwa, guba nawa za ta kai ga maƙwabta. Don nuna misali na ɗauke ɗan ƙarfen da ke toshe tururin tukunyar Mama. Da ya ce in ara masa, wallahi kaina a ƙasa na miƙa.

Ran Asabar Mama ta neme shi ta rasa, ta ɗora ganda hakanan. Tururi ya tayar da ƙararrawar gobara, maƙwabta suka firfito. Sai ga Kamal riƙe da ƙarfen, yana tambayar Baba ina nake. Gwaggo, a littattafaina na soyayya ba haka ake zuwa gidan su yarinya ba.

Har yau Baba bai kula ni ba. Don Allah ki kira shi, ke kaɗai yake ji. A gaida kowa, a sa ni a addu'a.

'Yarki,
Safiyya