Makulli Ɗaya, Hannu Uku

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jego? Umma tana gaishe ki, ta ce hoton jaririn da kika turo duhu ya yi yawa, ki sake wani.

Taimako nake nema. Kin san injin da ke haɗa iskar oksijin a asibitinmu, wanda bututunsa ke zuwa ɗakin jarirai. Manhajar da ke tafiyar da shi mu uku muke taɓa ta: ni, Oga shugaban sashenmu, da Dogo abokin aikina. Kowa da kwafinsa a filasha. Akwai "na ƙarshe", akwai "na ƙarshe na gaske", akwai wanda Dogo ya raɗa wa "kar a taɓa". Makon jiya na ɗora tsohon kwafi ban sani ba, injin ya tsaya, sai da wata nas ta kira ni tana haki. Allah dai ya kiyaye.

Ki koya mini Git ɗin nan da kuke aiki da shi a kamfaninku, mai hana kwafin manhaja cakuɗewa. Asibiti ba ya yarda a kai komai intanet, amma akwai wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburin ɗakin gyaranmu, ƙura kawai take sha.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, jego da godiya. Hannu ɗaya nake rubuta maka, ɗayan yana riƙe da ɗanka, don haka ka karanta da kyau, ba zan maimaita ba.

Tsohuwar kwamfutar ta isa. Ka goge ta tas, ka sa mata manhajar Linux, ta zama sabarku, wato uwar kwamfutar da duk za ku riƙa haɗuwa a kanta. Ka buɗe ma'ajiya a cikinta ka zuba kwafin da kuka tabbatar shi ne mai kyau. Daga nan duk mai gyara daga can zai jawo, can kuma zai mayar, injin ma daga can zai riƙa ɗauka. Ita kuma za ta riƙe muku tarihi: wa ya canja me, kuma yaushe.

Abu ɗaya nake ja maka kunne a kai. Kowa ya haɗa makullin shigarsa a laftof ɗinsa, kowa ya sa sunansa. Na san ka da son sauƙi tun kana saka takalmi ba safa.

A gaida Maman yara.
Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa, ki yafe mini shirun da na yi.

Sabar ta yi aiki, har filasha duk mun jefa a durowa. Sai ranar Talata wata jaririya bakwaini ta rasu. Babbar likitar ɗakin jarirai ba ta gamsu ba, ta sa aka gwada iskar a bakin bututu, aka tarar tsarkinta ya faɗi. Akwai ƙararrawar da ya kamata ta yi kuka tun kafin a kai haka. Ba ta yi ba.

Na buɗe tarihin. Tun watan jiya wani ya sauko da ma'aunin ƙararrawar daga casa'in cikin ɗari zuwa tamanin. Layi ɗaya tak. Yaya, sunana ne a kai.

Wallahi ba ni ba ne. Amma ranar da nake haɗa abin, Oga ya ce ba shi da lokacin wani makulli, na Dogo kuma ya ƙi shiga, ga kira yana jirana a tiyata. Sai na kwafe makullina da saitina gaba ɗaya na zuba musu, har da laftof ɗin ɗakin gyara da duk muke amfani da shi. Na ce zan gyara daga baya. Duk abin da aka tura tun ranar, ni sabar ta sani.

Nan take na mayar da ma'aunin yadda yake. Ƙararrawa ta fasa kuka, aka yi ta gudu da tukwanen iska zuwa ɗakin jarirai. A baranda na wuce uwar yarinyar, tana zaune a benci da kwandon kayanta a cinya, ta zo karɓar takardar shaidar rasuwa.

Dogo ya rantse mini bai san zancen ba. Oga ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tura ƙofa ya ce a hankali: "Kwamfutar nan ba wanda ya san da ita sai mu. Ka goge ta, mu ce injin ne ya tsufa. Don kai nake faɗa." An kafa kwamitin bincike. Umarni ɗaya zan buga komai ya ɓace. Me zan yi?

Auta

*

Auta,

Na karanta a tsaye, sai da na nemi wurin zama. Ba zan yi maka faɗa ba, ka riga ka yi wa kanka.

Kar ka goge. Ina jin tsoro kamar yadda kake ji, na san za su iya ɗora maka komai. Amma ka yi tunani: in ka goge, injin nan za a ɗan lallaɓa shi a ci gaba, wanda ya rufe bakin ƙararrawa yana nan, dalilin da ya sa ya rufe ma yana nan. Kuma ran da wani ya buɗe baki ya ce akwai saba, ba mai sake yarda da kai har abada.

Ka duba rajistar shiga, tana nuna daga wace na'ura aka turo. Ka kwafe komai a faifai ka kai gida. Sannan ka je wurin likitar nan da ƙafarka kafin a kira ka, ka faɗa mata har da zancen makullin. Kar Umma ta ji tukuna, ka san hawan jininta.

Ina ta yi maka addu'a. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.
Yayarka

*

Yaya,

Na duba rajistar. Daga laftof ɗin ɗakin gyara aka turo, da rana, lokacin da dukkanmu muna bakin aiki. Ba ta wanke ni ba, ba ta kama kowa ba.

Na zauna gaban sabar na rubuta umarnin gogewa har ƙarshe, na daɗe ina kallonsa, ban danna ba. Daga baya na cire wayoyinta na rungumo ta zuwa ofishin likita. Ta saurare ni ba ta katse ni ba. Ta ce yarinyar ta zo da rauni sosai, mai yiwuwa ba za a taɓa sanin ko iskar ce ba. Na so in ji sanyi da maganar, ban ji ba. Ta kulle kwamfutar a kabad ɗinta.

An dakatar da ni har kwamiti ya zauna ranar Litinin. An rufe injin, an gano matacinsa ya daɗe da lalacewa, shi ya sa ƙararrawar ta riƙa damun mutane. Dogo ya daina ɗaga wayata. Ko motsi na ji a ƙofar gida sai in miƙe, Maman yara ta leƙa ta ce mai ruwa ne. Umma kuwa na ce mata hutu na ɗauka.

Ki ci gaba da addu'a.
Auta

*

Yaya,

Oga ya zo gida ɗazu bayan la'asar. Ya zauna a bakin kujera, ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ya ce sau nawa ya rubuta a canja matacin nan ba a canja ba, ƙararrawa kuma ta hana kowa sakat, na jira bai ƙarasa ba. Da ya kai ƙofa ya ce kar in hau mota ranar Litinin, shi zai biyo ya ɗauke ni, tare za mu shiga gaban kwamitin.

Ban tambaye shi me zai faɗa musu ba. Na ce Allah ya kai mu.

Ƙaninki,
Auta